Wayar da ta hana Inna kallon ɗanta

Zuwa ga mai girma Manajan kamfanin da ke shigo mana da wayoyin hannu ƙasar Gobir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni manomi ne a Gangara. Karatuna bai yi nisa ba, kuma garinmu an san ni da haƙuri. Yau kam ya ƙare.

Na ɗaya. Damina biyu ke nan gero na ƙonewa tun bai fid da kai ba. Yayana Bello ya tafi ci-rani kudu. Kafin ya tafi ya saya wa Innarmu wayarku, don ta riƙa ganin fuskarshi ta kiran bidiyo.

Na biyu. Mu nan ba wutar lantarki. Caji sai wurin mai sola ranar kasuwa, shi ya sa kowa ke rage hasken waya har ƙasa don batir ya jima. To da an rage, hasken wayarku sai ya kama ƙiftawa da sauri. Ido bai gani, amma kai na ji. Da Inna ta ɗan kalli Bello a wayar, sai hawaye, sai ciwon kai har ta kwanta. Maƙwabta suka ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, ba sauƙi. Sai da wani mai gyaran waya a garin Isa ya ɗora kyamara bisa fuskar wayar, na ga baƙaƙen layuka suna gangarowa kamar kunyoyin gona. Ya ƙara haske, suka ɓace.

Na uku. Na kai kuka shagon wakilinku, ko kallon wayar bai yi ba, ya ce in ƙure hasken. In na ƙure, batir ya mutu kafin la'asar. Wa kuka ƙera ma wayar nan? Mai wuta a ɗaki kaɗai? To don me kuka kawo ta kasuwarmu?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Bello. Yana gani Inna na kau da kai duk sa'ad da ya kira, ya ɗauka fushi take don ya bar ta cikin fari. Na yi mishi bayani, ya ce rufa asiri nake. Yanzu kiran nashi ya yi nisa.

Mai gyaran ya ce akwai wayoyin da ke rage haske ba tare da ƙiftawa ba. Ashe kun san maganin. Ina roƙo ku kawo irin su, ku rubuta gargaɗi da Hausa bisa kwali, ku canja ta Inna. Ba za ni daina rubutowa ba.

Allah ya kiyaye maka idanunka da na mahaifiyarka, ya ba mu damina mai albarka. Kafin ka amsa, Inna kife wayarku take bisa tabarma tana sauraren muryar ɗanta, shi kuwa can yana kallon duhu.

Wassalam.

Naka,
Sanusi, Gangara