Turmin Mama

Daren Lahadi, Abakpa, 1976

Yau na je Badarawa da niyyar yi wa ƙanena Bitrus tatas. Turmin marigayiya Mama da muka ɗauko daga ƙauye ya sa wa gizago, wai sassaƙa yake yi.

Ina shiga bakina ya mutu. Ya fitar da hannuwa biyu a jikin turmin, a buɗe yadda take addu'a, har da karkataccen ɗan yatsanta. Cikin kuwa bai taɓa ba. Yaron nan Allah ya ba shi hannu.

Ya ce, "Yaya, sunkuya ki shinshina."

Ƙanshin daddawarta na nan!

Coci yake son kai shi. Na ce ya dakata tukuna, ban gama gaisawa da ita ba.