Tafin Hannun Likita

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Yaya ƙafar Baba, yaya su Hadiza?

Ciwon cikin da dakon kaya ya jawo mini ya lafa. Wani likita a unguwar Bani Malik, ba allura ba ƙwaya, tafin hannunsa kawai ya ɗora ƙasan haƙarƙarina yana dannawa a hankali. Sai ga hawaye. Ya ce, "Da zafi?" Na ce babu. Ta yaya zan gaya masa tun da kika dafa kaina a tasha, shekara bakwai, ba wanda ya taɓa ni sai a musabaha?

Ki yi mini addu'a iƙamata, takardar izinin zama, ta fito in zo gida. Ki gaida kowa. Asabar zan koma wurinsa, ko da yake cikin ya daina ciwo.

Ɗanki,
Lawali, Jidda