Tirelata Ta Ɗaga Goshi, Ni Kuma Ba Zan Sayar Ba

Anti Philippa, ki agaza mini da shawara kafin in yaɓa wa surukina maganar da ba ta gogewa.

Ni da mijina Wendell mun daɗe muna gudun sanyin Saskatchewan. Da ƙanƙara ta fara zuba sai mu ja tirelarmu, irin mai ɗaki da kicin wadda ake ɗora goshinta a bayan a-kori-kura, mu nufi Yuma, gari mai ɗumi a ƙasar da ke kudu da mu. Bara waccan ya samu shanyewar ɓarin jiki, sitiyari ya dawo hannuna. In muka zauna a gida, duk tsawon hunturu yana bakin taga kamar kujera, don ƙafarsa ba ta jure santsi. A can kuwa kullum sai ya zaga sansanin masu tirela da sandarsa yana tsokanar mutane. A can nake samun mijina, shi ya sa ba na wasa da tafiyar nan.

Tsohuwar motarmu ta mutu, na sayi sabuwa, ashe motocin yanzu duk dogaye ne. Tirela ta ɗaga goshi, nauyi ya koma kan tayoyin baya. Muna dawowa bana ɗaya ta fashe mana a Montana, kafin mu tsallako iyaka. Na riƙe motar, ban ko taɓa ciyawar gefen titi ba, amma ba wanda ya yaba, sai fashewar ake ta ja.

Magani a bayyane yake: a ɗaga tirelar inci biyar ta miƙe daidai. Sai ga surukina Curtis, wanda ko motarsa bai iya komawa da ita baya ba, wai in ta ƙara tsawo iska za ta kifar da mu. 'Yata Janelle kuma har ta je duba gidan kula da tsofaffi. A kan teburina suka faɗa, suna cin talotalon da na gasa, Wendell yana zaune kamar ba da shi ake ba. Wai ya wuce hawa da sauka a tirela. Matakala uku ce fa, kuma yana hawa, ko da yake a ta farko sai ya ɗan tsaya ya ja numfashi ina riƙe da bel ɗinsa ta baya.

Maƙwabcina yana da gutsattsarin ƙarfe, ni ina da jak na ɗaga mota. Ba izini nake nema ba, Anti, yadda zan yi nake tambaya.

Mai Taurin Kai, Swift Current

Ƙawata Mai Taurin Kai,

Kan batun tirela kina da gaskiya. Wadda ta ɗaga goshi tana cin tayoyin baya, tana rangaji, birkinta ba ya kamawa daidai. Fara da mai sauƙi: a sauke mahaɗin da ke bayan mota iya yadda zai sauka, amma a bar tazarar kamar inci shida tsakanin bangon bodin da ƙasan goshin, kada su gogi juna a kan gargada. In hakan bai isa ba, sai a ɗaga.

Sai dai ki mayar wa maƙwabci ƙarafansa, ki ajiye jak. Wannan aikin mai walda ne da ya saba da tirela: ya ƙara ƙarfe mai ƙarfi a gindinta, ya ɗaure shi gefe da gefe, ya daidaita tayoyi. In ta faɗo miki, wa zai kai Wendell Yuma? Bayan an gama ki auna sabon tsayinta har da na'urar sanyi ta saman rufi, ki manna shi gaban sitiyari saboda gadoji.

Curtis ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Doguwar tirela ta fi jin iska. Rage gudu, ranar guguwa kuma ki kwana inda kike. Janelle kuwa ba abokiyar gaba ba ce. Yarinya ce da aka buga wa waya aka ce iyayenta suna gefen titi a wata ƙasa. Ki ɗauke ta ta raka ku kwanan farko, ta ga tuƙinki da idonta.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Kin auna mota, kin auna tirela, kin manta cewa ƙofa ma za ta hau inci biyar ɗin nan, tare da matakalar da Wendell yake tsayawa a kai ya ja numfashi. Kina jin haushin an yi maganarsa a gabansa ba a tambaye shi ba, amma na karanta wasiƙarki sau biyu ban ji abin da shi ya ce ba.

Kafin a taɓa ƙarfe, ki hau da tayoyin kan katako mai kaurin inci biyar, ki ba shi sandarsa, ki tsaya kusa, ki bar bel ɗin nan. In matakalar ta gagare shi, a ƙara matakala ta huɗu da ƙarfen dafawa. Sa'an nan ki tambaye shi ko yana son tafiyar, ki yi shiru har ya gama amsawa. In ya ce e, ja tirelarki, kada ki waiwayi kowa. In ya ce ya gaji, wannan taurin kan naki ki kashe shi wajen zama kusa da shi a bakin taga.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya miƙe muku hanya.

Philippa