Silifas Ɗin Inna da Farin Tayil

Zuwa ga hasken falona, inuwar tsakar ranata, ginshiƙin da ya tallafi rufin rayuwata shekara goma sha huɗu bai tsage ba. Ke da murmushinki ya fi sabon fenti ɗaukar ido, kuma damina ba ta taɓa ɓare shi ba,

Bayan gaisuwar da ta dace da darajarki, ina rubuto miki wannan takarda daga ɗakin da zai zama kicin ɗinki, a zaune bisa buhun siminti, da gefe ɗaya na jikina, saboda dalilin da zan bayyana nan gaba. Na san da yamma za mu haɗu a gidan haya ki miƙo mini abinci, amma baki ya gagare ni, shi ya sa na nemi agajin alƙalami.

Yau kwana tara, ya raɓar safiyata, da kika janye bakinki daga ginin gidanmu. Na kawo miki katin launukan fenti, kika ce, "Duk wanda ka ga dama." Na tambaye ki silin, na tambaye ki labule, har mariƙin ƙofa na kawo miki a aljihu, amsar ba ta sauya ba. Wayyo ni! Na karanta tarihin biranen da aka yi wa ƙawanya har suka miƙa wuya, amma ban ci karo da makamin da ya kai waɗannan kalmomi biyar kaifi ba. Shekara goma sha huɗu muna mafarkin gida namu. Shin yanzu zan gina gidana ni kaɗai, ki shigo cikinsa kamar baƙuwa mai ladabi?

Na san laifina, kuma zan karanto shi da kaina. A shagon tayil idona ya faɗa kan wani fari mai sheƙi, wanda na hangi gemuna a cikinsa, na kuwa ga ya yi kyau. Kika ce a hankali, "A zuba masa ruwa mu gani." Ni kuma, a gaban mai shago, na buɗe miki lacca kan duwatsun da aka shimfiɗa a fadojin mutanen dā, na rufe da cewa wanda ya karanta abin da na karanta ba ya neman shawarar kofin ruwa. Wanda kika nuna, mai ruwan ƙasa da kaushi, na kira shi bayan kada. Na sa aka loda farin: na kicin, na banɗaki, na baranda.

Jiya son sani, wanda shi ne ciwona tun ƙuruciya, ya rinjaye ni. Me ke cikin kofin ruwan nan? Na sa mai tayil, wato ma'aikacin da zai kafa mana shi, ya jera guda huɗu a ƙasa, na kwara musu rabin bokiti, na taka cikin natsuwa irin ta mai bincike. Ya farin wata, ban san ƙafa tana da saurin da ya wuce tunani ba! Kafin in kammala bisimilla, ina kwance ina nazarin rufin da ba a sa wa silin ba, tabarauna a gabas, hulata a yamma.

Mai tayil ya ɗaga ni yana cewa, "Sannu, yallaɓai. Ai da ka tambayi uwargida, da bayanka ya huta." Sannan ya ba ni labarin da ya fi faɗuwar zafi. Ya ce mako uku kafin zuwanmu tare, ya raka ki shagon nan. Kika ciro wani tsohon silifas kore daga jaka, na ƙafar hagu, dunduniyarsa ta cinye. Kika riƙa jiƙa tayil ɗaya bayan ɗaya kina goga shi a kai, har guda ashirin da ɗaya, mai shago yana kallonki kamar wadda ta zo da sabon salon duba.

Kore, na hagu! Silifas ɗin Inna ke nan, wanda ta yi wata guda tana cigiya, ta zargi jikokinta, ta zargi kyanwar maƙwabta, daga ƙarshe ta tsaya a kaina. Inna, uwar da ta haife ni, wadda take jan ƙafar hagu tun da gwiwarta ta fara ciwo, wadda ɗakinta yake can ƙarshen barandar da na so in mayar mata madubi! Ni ɗanta ina duba gemuna, ke surukarta kina auna takunta. Wane littafi ne ya koya miki wannan, ya zumar kwanakina, kuma me ya hana a buga shi in saya?

Tun daga lokacin nake zagaya ɗakunan nan kamar mai tonon tsohon birni, tambayoyi suna bin kaina kamar ƙudan zuma. Me ya sa kika ce a sauko da makunnin fitilar ɗakin Inna kusa da gado? Wannan na gane yanzu. To fentin mai da kika ce a shafa a baranda iya kafaɗa fa, don autarmu ce, mai tafiya tana jan hannu a bango? Tagar kicin da kika nace ta kalli ƙofar gida, wa kike son hangowa in ya dawo? Kada ki ce ni ne, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ɗazu kafinta ya nuna mini zurfin kantar da kika auna masa da taƙi biyu da yatsu uku. Na ɗora babban ƙamus ɗina, ya zauna daram kamar tare aka haife su. Yaushe kika auna shi ban sani ba?

Na tuna ɗakinmu na farko, mai yoyo. Ranar da ruwa ya ɓalle, wuri ɗaya ne busasshe, kika tura littattafaina can, kika bar akwatin kayanki a ƙarƙashin ɗigo. Na gode miki da jawabi mai tsawo, ban tambayi me ya jiƙe ba. Ashe tun ranar kike shimfiɗa mana ƙasa mai kaushi don kada mu zame, ni kuwa ina yabon kaina da iya tafiya!

Farin tayil ya koma shago yau da safe. Ko ɗaya ba a kafa ba. Mai fenti zai zo ranar Asabar, kuma na rantse ba zai buɗe gwangwani ba sai kina tsaye. Na kasa bambanta ruwan madara da ruwan ƙwai, ban kuma san dalilin da ya sa launi ɗaya yake fara'a da safe ya ɓata rai da la'asar ba. Ki zo ki koya mini. In mun koma zaɓen tayil, ni zan riƙe bokiti, ni zan zuba ruwan, kuma ba zan ambaci fadar kowa ba.

Ba na roƙon ki ce kin yafe. Gobe zan kawo miki labulen da na zaɓa da kaina, mai ruwan goro da zanen ɗawisu, wanda ko mai shagon sai da ya kau da kai. Ki dube shi, ki dube ni, ki ce, "Wannan bai yi ba." Wallahi babu waƙar da kunnena yake ƙishi kamar wannan.

Naki har bangon nan ya gaji da tsayuwa, har bayan kada ya yi santsi,

Mijinki, ɗalibinki, mai ciwon ƙugu.

Ƙarin bayani: ki taimaka ki mayar wa Inna silifas ɗinta. Har yanzu ni take harara.