Minti Talatin a Duhu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki. Ni ina nan, da sauƙi dai.

Kin ce Inna kullum tana tambayar abin da ya riƙe ni shekara huɗu a ƙasar mutane. To ga shi nan a ƴar kwalbar da na sako cikin saƙon nan, ki nuna mata. Garin nan mai ruwan toka abu biyu na haɗa. Farin shi ne zinki oksaid, wanda in haske ya same shi yake farfasa rinin da ke cikin ruwa, sai dai rago ne, bai daɗewa yake sanyi. Baƙin kuma kabon ne, ɗan'uwan gawayi, shi ke riƙe masa ƙarfin hasken. A gwajina, awa uku ƙarƙashin fitila, shuɗin ruwa ya koma garau. Rijiyarmu da kwatar kamfanin rini ta lalata nake tunawa duk sanda na kunna fitilar nan.

Saura wata biyu in kare aikin a gaban farfesoshi in dawo. Na gaji, Auta. Tagar ɗakina bangon wani take kallo. Ga mai kula da ɗakin gwaji, wata dattijuwa da nake ce wa Tabarau, ta sa ni gaba. Ƙa'ida ita ce a juya garin cikin ruwan rini minti talatin a duhu kafin a kunna fitila, don a ware abin da garin ya tsotsa kawai daga abin da haske ya kashe. Duk duniya talatin ake yi. Ita wai in ƙara. Na ce ta ji da wankin kwalabenta.

Garin na kallo ne, kada a taɓa. A gaida Inna.

Yayanki.

*

Yaya Dakta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafafun Inna da suka sake kumbura.

Ka ce kada a taɓa, amma ka san surukinka da ƙaiƙayin hannu. Ya jawo bokiti guda daga rijiya, ya juye rabin garinka a ciki. To kwana uku ana ruwan sama, babu rana, sai ya rufe bokitin da faranti ya tura shi sito bayan buhuna, wai ya jira gari ya washe. Washegari na shiga ɗauko tsintsiya na ɗaga farantin. Yaya, ruwa fes! Garin ya kwanta a ƙasa. Maganinka ko rana bai jira ba, ka raina kanka ne!

Inna har da guɗa. Babu maƙwabciyar da ba ta kira ta leƙa bokitin ba. Ta ce ba za ta sha ba sai ka zo ka miƙa mata da hannunka. Ta sa an share ɗakinka, ta ciro sabon zanen gado ta shimfiɗa, wai kada ka iso ba shiri. Na ce mata ai wata biyu ne, ta ce in rufe mata baki.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Kada kowa ya sha ruwan nan. Ku zubar.

Wasiƙarki na karanta sau uku a tsaye. Da gari ya waye na haɗa gwajin, na kulle shi a kabad ba fitila. Awa shida ya washe, kamar naku. Na wanke garin da sinadari, sai ga shuɗin ya fito duka, ko ɗigo bai mutu ba. Kabon ɗin na yi masa yawa, ya binne farin garin ya tare masa haske, shi kuma yana ta shan rini a hankali kamar soso. Minti talatin ba ta ishe shi ƙoshi ba. Shekara huɗu ina auna soso ina yaba wa fitila.

Tabarau tana tsaye a bayana. Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Shayi ta ajiye mini ta koma bakin famfo. Ita ce mai gaskiya, na kuma faɗa mata.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu na yi ina saƙa in yi shiru. Farfesan da ke duba aikina bai lura ba, masu jarrabawa ma talatin ɗin za su gani su wuce, in ɗauki takardata in taho. Sai na tuna wani zai karanta aikin ya zuba garin a rijiyar uwar wani. Jiya na shiga ofishin Farfesa na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya ce a koma farko, shekara ɗaya da rabi in an yi sa'a.

Na kasa rubuta wa Inna. Ki taimaki yayanki ki faɗa mata. Ki ce wa surukina na gode, duk da ban ji daɗin gode masa ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. An zubar, na kuma faɗa mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya shekara ɗaya da rabi wata nawa ne, na faɗa. Ta ce in naɗe zanen gadon in mayar akwati kada ya yi ƙura. Sauran garin kuma ta ɗora kwalbar a kan taga inda rana ke bugawa, ta ce a bar shi nan ko zai koyi aikinsa.

Ƙafafun ba su saɓe ba. Yanzu sai an riƙe ta take kai wa tagar.

Allah ya sada mu.

Auta.