Ramukan Injin Babanka

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa aikin nan naka ya zama mai albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ka sani. Yayarka ta zo ta yi mini kwana huɗu, ta gyara ɗakin baya, ta koma. Kawunka ya daina tuƙi, idon ya ƙi. Dogo bakanike kuma an yi masa aiki a ƙafa, sati uku bai leƙa gareji ba, kwanan nan ya fara fita da sanda.

To, ba gaisuwa ce ta sa na zauna rubutu ba. Na yi maka ɓarna, kuma sau biyu muna waya kana tambayata ya injin motar babanka, ina ce maka lafiya. Ba lafiya ba. A baki na kasa faɗa, shi ya sa na ɗauko takarda.

Ka tuna kafin ka tafi kai da Dogo kun kwana biyu kuna gardama a kan teburin babanka. Kai kana so a faɗaɗa ramukan nan huɗu da fistin ke shiga, motar ta ƙara ƙarfi ka kai ta filin tsere. Dogo yana cewa babanka bai taɓa yarda a taɓa su ba. Ina daga ƙofar kicin ina jin ku, lita biyu, lita biyu da 'yan kai, ban riƙe komai ba. Ashe a ƙarshe kun tsaya a kan girma na tsakiya, ka ce in ka isa za ka aiko da fistin daidai da shi. Dogo ya kai injin wurin mai gurzar ƙarfe, washegari aka kwantar da shi asibiti.

Ranar wata Talata mai gurzar ya zo gida da kansa. Ya ce takardar da aka ba shi ta jiƙe da baƙin mai, lamba biyu yake gani bai san wacce ba. Ya kira ka bai samu ba, Dogo kuma ba ya cikin hayyacinsa. Mutumin nan ba shi da laifi, kada ka je ka yi masa faɗa. Ya ce mini gara a jira fistin su iso ya auna da su, haka ake yi. Ni ce na ce babu wani jira. Na tambaye shi girman kala nawa ne, ya ce uku. Na ce ya yi babban. Ya sake tambaya ko na tabbata, domin babban zai bar bangon ramin ba kauri. Na ce masa kai ka faɗa mini da bakinka. Ba ka faɗa ba. Ƙarya na yi.

Na sha tambayar kaina me ya kai ni. Shekara arba'in da ɗaya ina wanke kayan bakanike, sai na ji nauyin in ce wa wannan mutumin ban sani ba. Kuma ina so ka zo hutu ka tarar an gama. Sannan ni duk rayuwata babba nake saye. Takalmanku na makaranta, riguna, har tukunya. In ya yi yawa a cusa tsumma, wata rana a cika shi. Na ɗauka inji ma haka ne.

Kwalinka na fistin ya iso ranar Asabar. Dogo ya zo da sandarsa muka je wurin mai gurzar tare. Dogo ya zura fistin ɗaya a rami, ina tsaye na ji yana ƙwal ƙwal kamar cokali a kofi. Sai ya nemi benci ya zauna. Da ya zage ni da ya fi mini. Na tambayi mai gurzar ko zai iya mai da abin da ya cire. Ya nuna mini garin ƙarfe a ƙasa, ya ce ga shi nan in zan iya. Na ce ko a cusa wani abu a gefe. Nan ne Dogo ya ɗago ya ce mini wannan ba takalmin Auta ba ne.

Ga abin da suka ce, na sa sun maimaita mini sau uku. Hanya ta farko, a bar ramukan yadda suke, ka sayi manyan fistin da zobbansu. Motar za ta fi ƙarfi, amma Dogo ya ce bangon ya yi siriri, in ka matsa mata a tsere za ta yi zafi, tana iya tsagewa, kuma daga nan babu sauran gyara. Ta biyu, a sa wa kowane rami riga ta ƙarfe daga ciki, a sake gurzawa daidai fistin ɗin da ka aiko. Ya ce wannan zai yi, sai dai aikin zai kai wata biyu, ba za ka hau ta a wannan hutun ba. Ta uku, a nemo wani injin a jefar da wannan. Na san ba za ka so ba, tunda don na babanka ne ka ƙi sayen sabo tun farko, har yanzu alamar da ya buga da ƙusa tana jikinsa.

Ina da wadda na fi so a cikin ukun, amma ba zan faɗa ba. Na zaɓa sau ɗaya, ya isa. Fistin ɗinka suna cikin kwalinsu a ƙarƙashin gadona, ko takardar jikinsu ban taɓa ba. In za ka yi fushi ka yi, da gaskiyarka. In ka huce ka yafe mini.

Ka gaishe da matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Yayarka da kawunka da gwaggonka suna gaishe ka. Dogo ma yana gaisuwa, ni dai har yanzu a taƙaice yake amsa mini.

In ka yanke shawara ka rubuta lambar da manyan baƙi, ka aika wa Dogo. Kada ka biyo da ita ta hannuna.

Ni ce,
Innarka