Na Wuce Kawu a Kan Gada

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya su Aziza? Ni lafiya lau, aikin dai na tsayuwa ne, amma ana sabawa.

Kafin Kawu Ishawu ya dawo daga sarin kaya, gara ki ji daga gare ni. Jiya mun haɗu a gadar tsallaka titi, nan Dubai. Duk gilashi ce, ga sanyi, ƙasanta ma tafiya take da mutum. Ban durƙusa ba, Inna. Hannu kawai na ɗaga masa, sai ka ce sa'ana.

Ba laifin gadar ba ne, idon mutane na ji. Da na waiga yana tsaye, yana jiran in dawo. Ban koma ba.

Don Allah ki ba shi haƙuri.

Ɗanki,
Arzika